Kwanson Harsashi a Adakar Kakata: Wani Ɓangare na Tarihin Bindiga a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

A hutun ƙarshen zangon da ya wuce na je gaida kakata a Ƙauran Namoda, inda take zaune tun lokacin da rashin kwanciyar hankali ya tashe su daga garinmu Sakajiki. Ran nan ina taya ta kakkaɓe wata tsohuwar adaka, sai na ci karo da wani ɗan abu na tagulla. Tsawonsa kamar ɗan yatsa, gindinsa da kauri, wuyansa a tsuke kamar na kwalba, an toshe bakinsa da tsumma. Da na cire tsumman sai na ga kwalli a ciki.

Na ce mata, "Amarya, yaushe kika yi tandun ƙarfe ban sani ba?"

Ta ce, "Kai maigida, aje mini abuna. Wanga ba tandu na ba, kwanson harsashin kakan ubanka na. Su bakwai na, shi ɗai yar rage."

Ta ba ni labari cewa ta iske tsohon da ransa sa'ad da aka kawo ta gidan, kuma daga bakinsa ta ji. Wai yana saurayi wani Bakano ya sauka a gidansu, shekarar da Nasara suka ci Sakkwato, a gajiye, dokinsa ya mutu a hanya. Ya ba da bindigarsa da harsasai bakwai aka ba shi jaki da guzuri. Da waɗannan bakwai ɗin tsohon ya yi shekaru yana farauta, domin kowane kwanso ya harba sai ya tsince shi ya kai wa maƙeri a sake cika shi.

Da na dawo makaranta na nuna wa wani malaminmu na tarihi kwanson, ya jujjuya shi, ya ce ga alama na bindigar Ingilishi ce da ake kira Martini-Henry. Daga nan na shiga bincike. Abin da na gano shi ne wannan ɗan kwanso yana ɗauke da amsar wata tambaya da muka sha yin gardama a kanta a aji, watau me ya sa dakarun ƙasar Hausa, duk da jarumtarsu da yawansu, suka kasa tsayawa gaban 'yan ɗaruruwan sojan Turawa a 1903. Wannan shi ne maƙasudin wannan ɗan rubutu.

Sunayen ma tarihi ne

Da yake ni ɗalibin harshe ne, bari in fara da kalmomi. Bindiga daga Larabci muka aro ta, daga bunduƙiyya. Albarushi daga albarud. Harsashi kuwa daga arrasas, wanda ma'anarsa ta asali dalma. Wannan ya nuna mana cewa ta hannun Larabawa, ta hanyar Sahara da Barno, Bahaushe ya fara sanin wannan makami. Amma kwanso kalmarmu ce ta gida, irin kwanson gyaɗa ko na ƙwai, watau abin da ake ɓarewa a yar bayan an ci na ciki. Wanda ya fara laƙaba wa gidan harsashi wannan suna ya ɗauke shi a bakin shara ne. Za mu gani nan gaba cewa akwai zamanin da wannan shara ta fi kuɗi daraja.

Zamanin bindigar toka

Bindiga ta daɗe a wannan yanki. Mai Idris Aloma na Barno ya samo 'yan bindiga Turkawa tun a ƙarshen ƙarni na 16. Littafin Tarihin Kano ya ambaci shigowar bindigogi zamanin Sarki Kumbari (1731 zuwa 1743), ya kuma nuna Babba Zaki (1768 zuwa 1776) ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Amma duk da haka ba da ita aka yi jihadi ba. A Tafkin Kwatto a 1804 'yan baka ne suka karya dawakin Gobir. Haka kuma sa'ad da Namoda, wanda Ƙaura take amsa sunansa, ya taya Muhammadu Bello cin Alƙalawa a 1808, aikin na kibiya ne da mashi da takobi.

Akwai shaida mai ƙarfi a kan wannan. A watan Oktoba 1826 Baturen nan Kilafatan ya ga yaƙin da rundunar Sarkin Musulmi Bello ta kai wa Gobirawa a Konya. A cikin wannan runduna ta dubban mutane, bindigogi 42 ya ƙirga. Ya kuma ba da labarin cewa Gobirawan da ke cikin ganuwa da bindiga ɗaya tak suka kayar da na gaban 'yan lifidi. Har ma ya ambaci wata tsohuwa Bazamfara da ta riƙa zagayawa a kan doki da gorunan ruwa tana shayar da waɗanda aka raunata.

Dalilin da ya sa ba a damu da bindiga ba a wancan lokaci a fili yake. Bindigar toka, ko adaka, ta baki ake ɗura ta. A zuba albarushi, a tura tsumma, a sa dalma ko guntun ƙarfe, a danna da sanda, sa'an nan a ja kunama ƙanƙara ta ba da wuta. Kafin mai ita ya gama wannan hidima ɗan baka ya saki kibau da yawa. In kuwa damina ce albarushi ya sha sanyi, sai ta ƙi tashi. Ba banza ba Bahaushe ya yi mata laƙabin harba-ka-ruga.

Amma fa tana da wani alheri guda, wanda shi ne jigon maganata. Duk abincinta ana iya samunsa a gida. Gawayi namu ne, gishirin da ake haɗa albarushi da shi ana tace shi daga ƙasa, farar wuta kaɗai ce fatake ke kawowa. In babu dalma a sa tsakuwa. In wani abu ya karye maƙerin gari ya ƙera wani. A Damagaram, Sarki Tanimu (1851 zuwa 1884) har igwa ya sa aka zuba masa a Zinder, ana kuma haɗa masa albarushi a can. Mai bindigar toka ba ya jiran jirgin ruwan kowa.

Zuwan kwanso

A tsakiyar ƙarni na 19 ne maƙeran Turai suka kawo canjin da ya juya duniya. Suka haɗa dalma da albarushi da abin kunna wuta a cikin gida guda na tagulla, ana sa shi ta gindin bindiga. Ingilishi suka fara da Snider a 1866, suka koma Martini-Henry a 1871. Faransawa suka fito da Gras a 1874. Yanzu soja yana iya harbi sau goma ko fiye a minti ɗaya, yana kwance rub-da-ciki, ko ana ruwa ko ana iska.

Me ya sa tagulla? Domin tana da wani hali da baƙin ƙarfe ba shi da shi. In wuta ta tashi sai kwanson ya kumbura ya toshe gindin bindiga, hayaƙi ba ya dawowa fuskar mai harbi. Da ƙarfin wutar ya wuce sai ya ɗan tsuke, a zare shi ba wahala. Kwanson Martini na farko da siririn fallen tagulla ake naɗe shi, shi ya sa yakan maƙale in bindiga ta yi zafi. Bayan da wannan ya wahalar da sojan Ingila a yaƙin Sudan na 1884 zuwa 1885 sai aka koma yin sa da tagulla guda marar haɗi. Namu na gida irin wannan na biyu ne, kuma irinsa ne ke jure a cika shi sau da yawa.

To, a nan gizo yake saƙar. Sabuwar bindiga ta fi tsohuwa nesa ba kusa ba, amma ba ta cin abincin kowa sai nata. Harsashin Gras ba ya shiga Martini, na Martini ba ya shiga Snider. Sarkin da ya sayi bindigogi iri biyar ya ɗaura wa kansa neman harsashi iri biyar, kuma dukkansu daga masana'antun mutanen da ke shirin cin ƙasarsa suke fitowa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Takunkumin 1890

Turawa sun san da wannan sarai. A 1890 suka taru a birnin Burasal na ƙasar Beljiyam suka sa hannu a wata yarjejeniya da sunan hana cinikin bayi. A cikinta aka hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani da harsasansu a duk faɗin ƙasar da ke tsakanin layi na 20 arewa da na 22 kudu, ƙasar Hausa kuwa tana tsakiya. Abin da aka yarje a sayar shi ne bindigar ƙanƙara da albarushin kasuwa. A daidai wannan lokaci su kuma suna ƙara gaba. Wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya gano albarushi marar hayaƙi a 1884, ga kuma bindigar Maxim, wadda kakanninmu suka kira bindiga mai ruwa, tana aman ɗaruruwan harsasai a minti guda.

Hanyoyi biyu ne makamai ke shigowa ƙasarmu. Ta kudu, ta hannun Nufawa da Ilori, wannan kuwa Kamfanin Neja ya toshe ta da ya ci Bida da Ilori a 1897. Ta arewa kuma, ayarin Tarabulus da Gadamus, tafiyar watanni a kan raƙumi, abin da ke isowa kaɗan ne, ga tsada. Saboda haka duk sarkin da ya mallaki bindigar zamani sai ya fuskanci tambaya ɗaya: in harsasan da ke hannu suka ƙare, sai yaya?

Dabarar cika kwanso

Amsar da aka samu a wurare da yawa na Afirka iri ɗaya ce, watau a tsince kwanso a sake cika shi. Wanda ya fi kowa nisa a wannan fage shi ne Samori Ture na ƙasar Mandinka. Ya tara maƙera suna gyara bindigogi, har suna kwaikwayon ƙirar Gras da hannu, mayaƙansa kuma suna tattara kwanso bayan kowace karawa a mayar wa maƙera. Da wannan ya yi ta fafatawa da Faransawa har suka kama shi a 1898. A Sudan, Halifa Abdullahi yana da ma'aikata a Umdurman inda ake cika kwanson bindigar Remington, amma harsasan ba su kai na asali ƙarfi ba, a Karari kuwa a 1898 tun daga nesa aka kakkaɓe rundunarsa. Rabe ma a Dikwa yana da masu haɗa albarushi da masu gyaran bindiga, har aka kashe shi a Kusuri a 1900. A Habasha harsashi har kuɗi ya zama, ana ba da shi canji a kasuwa. Bambancin Sarki Menelik da sauran shi ne yana da ƙofar sayen makamai daga Turawan kansu, shi ya sa ya karya Italiyawa a Adwa a 1896.

Ba koyar da wannan sana'a na zo yi ba, doka ma ta hana, amma ya kamata mai karatu ya san inda wahalarta take. Kwanson da aka harba yakan buɗe, sai an mai da shi daidai kafin ya sake shiga. Tagulla kuma in ana yawan lanƙwasa ta takan yi tauri ta tsage, sai an gasa ta ta yi laushi. Wannan ba baƙon ilimi ba ne ga maƙeran fari, masu ƙera munduwa da kayan doki. Zuba dalma ma ba ya gagarar su. Abin da ya gagara shi ne ɗan idon nan da ke tsakiyar gindin kwanso, wanda kunama ke sara ya ba da tartsatsi. Maganin da ke cikinsa aikin masana haɗa magunguna ne da injuna, zuga-zugi da masaba ba sa yin sa. Wannan ɗan mitsitsin abu shi ya tsaya tsakanin maƙeranmu da cin gashin kansu.

Shekarar 1903 a ƙofar gidanmu

Sarkin Kano Alu (1894 zuwa 1903) yana cikin sarakunan da suka fi kula da bindiga, har ana yi masa kirari da mai sango. Sa'ad da Turawa suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903 ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan dakarunsa. A kan hanyar dawowa, a Birnin Goga, nan kusa da mu, ya rabu da rundunar ya yi arewa. Waziri Ahmadu ya ja waɗanda suka zaɓi yaƙi, suka gamu da 'yan sintirin Turawa a Kwatarkwashi a ƙarshen watan Fabrairu. Laftanar Wright, wanda ya ja su, da wani hafsa ɗaya da soja 44 kawai yake. Suka yi sahu kusurwa huɗu, dawakin Kano suka yi ta kawo sukuwa suna faɗuwa, Waziri ya yi shahada a wurin. Daga nan rundunar Turawa ta bi ta Ƙauran Namoda ta nufi Sakkwato, aka yi karon Giginya ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira har ya kwanta dama a Burmi ranar 27 ga Yuli.

A nan ina so mu yi tunani. An saba cewa Turawa sun fi mu makamai, a tsaya nan. Gaskiya ne, amma maganar ba ta cika ba. Soja ba ya iya saiti sai ya yi ta harbi a fagen koyo, sojan Turawa kuwa yana da akwatunan harsashi a kan 'yan alaro, na koyo daban na yaƙi daban. Ɗan bindigar sarki da ke da harsashi goma a jaka, wanda bai san ranar da zai sami na sha ɗaya ba, ina zai yarda ya ɓata ko guda a kan kututture? Saboda haka ko da bindigar hannunsa ta yi daidai da ta abokin gaba, hannun bai saba ba. Na yarda akwai wasu dalilai, kamar rarrabuwar kan sarakuna, da raunin da yaƙin basasar Kano ya bari, da dogaro ga sukuwar dawaki a fili. Amma ƙarancin harsashi yana ƙarƙashin da yawa daga cikinsu. Abin da ya faru a Satiru a 1906 ya ƙara tabbatar da haka. Talakawa da gatura da fartanya suka karya sojan Turawa har suka ƙwace bindiga mai ruwa, amma ba ta amfane su da kome ba, bayan 'yan makonni aka dawo aka shafe garin.

Komawa ga kwansonmu

In labarin gidanmu ya inganta, baƙon nan ɗaya ne daga cikin waɗanda suka watse bayan Kwatarkwashi. Da ma na yi mamakin mutumin da zai ba da bindigar zamani a karɓi jaki. Yanzu na gane. Ya san in bakwai ɗin nan suka ƙare, abin da ke kafaɗarsa sanda ce mai nauyi, jaki kuwa zai kai shi gida.

Kakata ta ce tsohon yana ƙirga kwansonsa kamar yadda ake ƙirga awaki da magariba. In ya harbi gwanki ko gada a dajin Dumburum, ba ya bin naman sai ya ga kwanso a hannunsa. Wata rana ɗaya ya faɗa cikin ciyawa, ya kwana a wurin, da gari ya waye ya ƙone ciyawar ya tsince shi a cikin toka. Idon wutar kuwa wajen fatake ake samowa a ɓoye, wani lokaci a shekara ba a samu ba. Ɗaya bayan ɗaya suka tsage. Wanda ke hannuna, in ka duba bakinsa za ka ga sawun magagari inda aka rage shi don a kawar da tsaga. Daga baya aka yi shela a kai irin waɗannan bindigogi ga hukuma, ya kai tasa, ya koma wa bindigar toka har ya tsufa. Ya ba surukarsa kwanson ƙarshe ta sa kwalli.

Abin sha'awa, har yau a Turai da Amurka akwai masu wasan harbin saiti da tsofaffin bindigogi irin wannan. Da yake sojoji sun daɗe da barinsu, harsashinsu ya yi wuya, sai su nemi kwanson wata bindigar su sake masa siffa su cika da hannunsu. Abin da yake wasan ranar hutu a wurinsu, shi ne ya zama batun ci ko rashin ci ga Samori, kuma batun tuwon dare ga kakan ubana.

Kammalawa

Nijeriya ta kafa masana'antar makamai a Kaduna a 1964, ana yin harsashi a can. Amma abin da ya fi damuna yana gida. A 2021, shekarar da aka katse layukan waya a Zamfara, 'yan bindiga suka afka wa Sakajiki, aka rasa rayuka. Waɗanda suka koma bayan ƙura ta lafa sun ce kwanso birjik a kan hanya, yara na tsinta suna wasa da shi. A ƙasar da mutum ya taɓa kwana a daji saboda kwanso ɗaya, yau ba mai sunkuyawa ya ɗauka sai yaro. Ko kalmar 'yan bindiga ma, wadda a zamanin Babba Zaki take nufin masu tsaron sarki, dubi abin da ta koma nufi.

Darasin da na ɗauka shi ne, jiya da yau, wanda ya riƙe hanyar harsashi shi ya riƙe yaƙi. Turawa sun gane haka a 1890 suka toshe mana ita. Ba a ƙera waɗannan harsasai a dajin Zurmi ko na Shinkafi, ta wata hanya suke shigowa, kuma mutane ne ke kawo su. Ina ganin tambayar da ta kamaci hukuma da mu duka ita ce wannan hanya.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman na sashenmu. Tsofaffin maƙera da maharba suna ƙarewa, rikici kuma ya warwatsa waɗanda suka rage. Sunayen sassan bindiga da kayan ƙira da kirarin maharba suna bakinsu, ba a rubuta yawancinsu ba. Duk wanda ya je hutu ya zauna da na garinsu da takarda da alƙalami. Ku kuma duba adakar kakanninku. Ni dai na mayar wa tawa kakar da kwansonta, don ta ce in ban kawo ba kada in sake cin tuwonta. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya mai da kowa gidansa, amin.